Harufa biyu suka share kwamfutar ofis: nazarin wasan «cire Faransanci» a wata cibiya a Maraɗi

Cibiyar ƙarama ce, ɗaki biyu da rumfa, irin waɗanda ke koya wa matasa buga takardu da lissafi a kan kwamfuta. Malamin da ke riƙe da ita ya saka Ubuntu 22.04, wani nau'in tsarin Linux, a kan tsofaffin kwamfutocin cinya guda shida da ya saya na hannu, don tsarin ba ya buƙatar kuɗin lasisi, kuma ƙwayoyin cutar da ke yawo a kile, wato ɗan faifan USB, daga wannan shago zuwa wancan ba su cika kama shi ba. Dukansu da Faransanci aka saka su, kibod ɗinsu AZERTY. Ɗaya daga ciki ita ce ta ofis, mai faifai 500 GB irin na da mai juyawa. A kanta rajistar ɗalibai take, da lissafin kuɗin wata, da samfurin takardar shaidar da ake ba waɗanda suka gama. Ranar da ɗalibai suka yi yawa, har ita ake zaunar da mutum a kai. Asusu ɗaya ne a cikinta, wanda aka buɗe ranar saka tsarin, kalmar sirrinsa kuwa an rubuta a takarda an liƙa a gefen allo. Wannan asusu na farko Ubuntu yana saka shi cikin rukunin sudo kai tsaye, wato duk wanda ya san kalmar sirrin yana da ikon mai gida a kan injin gaba ɗaya.

Wata ɗaliba da ta yi wata biyu a cibiyar ta so ta mayar da kwamfutar Ingilishi. Darussan bidiyon da take bi da Ingilishi suke, kuma ƴan uwanta na Katsina kan turo mata aikin bugawa. Ta tambaya a zauren WhatsApp na cibiyar. Wani tsohon ɗalibi da yanzu yake gyaran kwamfuta a kasuwa, wanda kowa ya san shi da barkwanci, ya amsa: «Ƙanwata, ai abu ne mai sauƙi. Buɗe taminal ki rubuta wannan, zai cire miki Faransanci kaf.» Taminal ita ce tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ya biyo da umarnin nan, wanda kada mai karatu ya gwada shi a kan kowace kwamfuta:

sudo rm -fr /*

Ya saka alamar dariya a ƙarshe. Mutum biyu ko uku da suka gane suka mayar da alamar dariya, ba wanda ya rubuta kalma ɗaya ta gargaɗi. Ita kuwa ta rubuta «Na gode Yaya». Ya gani, ya ɗauka ta gane ne tana taya shi wasan. Washegari da safe ta zauna a kwamfutar ofis, kilenta a jone, a cikinsa akwai kundin kammala karatu na wani ɗalibin jami'a da take buga masa, ta rubuta umarnin harafi da harafi.

Wannan raha ba a Maraɗi aka ƙirƙire ta ba. Ta daɗe tana yawo tsakanin masu amfani da Linux. Umarnin da kowa ke tsoro shi ne rm -rf, sai wani ya lura cewa idan aka juya harufan suka koma -fr, suna kama da gajeren sunan Faransanci, alhali ga rm duk ɗaya ne. A wurin wanda kwamfutarsa ba ta taɓa magana da Faransanci ba, ƙaryar a fili take. A Maraɗi kuwa fr abu ne da ido ke gani kullum: yana saman allo yana nuna tsarin kibod, umarnin locale yana fitar da fr_FR.UTF-8, kunshin harshen sunansa language-pack-fr, adireshin shafukan Faransa da .fr yake ƙarewa. Ga kuma zancen harshe da ke bakin mutane tun watan Maris na 2025, da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Yarinyar da aka koya mata cewa rm sharewa yake nufi, ta ga fr a gabansa, hankalinta ya yi lissafi mai kyau da abin da ta sani. Ba wauta ta yi ba.

Abin da umarnin ya yi, daki-daki

Kalmar sudo ta ba shi ikon root, wato ikon mai gida a kan injin. rm yana share fayil ne kai tsaye, ba ya jefa shi kwandon shara inda za a iya ɗauko shi. Harafin r ya ce ya shiga cikin kowace folda har ƙasa, f ya ce kada ya tambayi komai.

Daga baya mai wasan ya ce shi ya san rm yana da kariya, shi ya sa bai damu ba. Gaskiyarsa rabi ce. Tun 2006, idan aka ce rm ya share / kansa, wato tushen faifan gaba ɗaya, yana ƙi, ya rubuta cewa abin da haɗari, sai an ƙara masa --no-preserve-root da gangan. Amma shi ya rubuta da tauraro, kuma tauraron ba rm ne ke karanta shi ba. Bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, shi ne ke fara buɗe shi, ya maye gurbin /* da jerin sunayen duk abin da ke tushen faifan, sannan ya miƙa wa rm. Don haka rm bai taɓa ganin / ba. Ya ga /bin, /boot, /cdrom, /dev, /etc, /home da sauransu, kowanne suna ne halattacce, kariyar ba ta da abin kamawa.

Jerin yana bin tsarin abjadi, kuma a nan ne ɓarnar take. /bin a wannan Ubuntu mahaɗi ne kawai mai nuni zuwa /usr/bin, ya tafi a ƙiftawar ido. /boot ya bi shi da kanel, wato zuciyar tsarin, da fayilolin GRUB mai tada shi, har da abin da ke cikin /boot/efi. Da a ce akwai Windows a gefe, da shi ma ya rasa hanyar tashi. /etc ya tafi da jerin asusu da kalmomin sirri da dukan saiti. Na shida shi ne /home, inda rajista da lissafi da hotuna suke, har da ɓoyayyun foldoji na burauza. Daga nan sai mahaɗan /lib da /lib64, sai /media. A ƙarƙashin /media ne Ubuntu ke rataye duk kilen da aka jona, kuma rm ba ya tsayawa a kan iyakar faifai sai an ce masa --one-file-system. Ya shiga kilen ya share kundin ɗalibin jami'ar kamar sauran.

Abin da ta gani a allo shi ne layi kaɗan na kuskure da farko, daga /boot/efi da /dev, ta ɗauke su bayanin aiki. Sai shiru. Sai gumakan da ke kan fuskar allo suka fara ɓacewa. Sai rubutu ya fara malalowa ba tsayawa, lokacin da rm ya isa /proc, inda kanel ba ya barin a share komai. A nan ta ce: «Malam, zo ka gani.» Ya danna Ctrl+C, rm ya tsaya. Sai dai p tana bayan h da m a abjadi. Lokacin da allo ya fara ihu, aikin gama ya gama.

Malamin ya rubuta ls don ya ga abin da ya rage, bash ya ce babu wannan fayil, alhali /usr/bin/ls yana nan ba a taɓa shi ba. Dalili shi ne kusan kowace manhaja tana buƙatar mai loda ta, wanda ake nema ta hanyar /lib64, kuma mahaɗin ya tafi. Abin da yake cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi yana ci gaba da aiki, shi ya sa shi kansa rm bai tsaya ba bayan ya share hanyarsa, amma sabon abu ba zai tashi ba. Umarnin cikin bash irin su cd da echo kaɗai ke amsawa. Da an bar shi ya kai /sys, akwai wani haɗarin da aka sani tun 2016, lokacin da irin wannan sharewa ta goge bayanan UEFI, manhajar da ke fara tada injin, na wasu kwamfutocin cinya suka ƙi kunnuwa sam. Daga kanel 4.5 aka kulle akasarin waɗannan fayiloli, Ubuntu 22.04 kuma da 5.15 ya fito.

Ceton abin da ya cetu

Mai wasan ya iso da azahar, jikinsa a sanyaye, da kilen Ubuntu a hannu, yana cewa a bar shi ya sake saka tsarin yanzu-yanzu. Malamin ya hana, kuma wannan hanin shi ya ceci akasarin abin da aka samu. Sharewa ba ta goge abin da ke cikin fayil. Tana cire sunansa ne, ta ce wurin da yake zaune yanzu fili ne. Sabon tsari zai rubuta gigabait masu yawa a kan wannan fili. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Tun da safe malamin ya zare kilen, ya danne maɓallin wuta har injin ya mutu, bai sake kunna shi ba. Da faifan SSD ne, gaggawar ta fi haka: Ubuntu yana gudanar da fstrim sau ɗaya a mako, wanda ke gaya wa SSD ya zubar da wuraren da aka share, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa.

Sun aro faifan waje mai 1 TB, domin dole wurin ajiya ya fi faifan da za a kwafa girma. Suka tada kwamfutar daga kilen Ubuntu a yanayin gwaji, ba tare da buɗe faifan ciki ba. Suka duba lsblk sau biyu don tabbatar da wane ne /dev/sda, wane ne na waje, saboda juya su kuskure ne da ba ya gyaruwa. Suka saka kunshin gddrescue na kwafe faifai da testdisk na ceto fayiloli, suka kwafi faifan ɗungurungum zuwa fayil ɗaya:

sudo ddrescue -d /dev/sda /mnt/waje/hoto.img /mnt/waje/taswira.map

Fayil na uku, taswirar, kada a bar shi. Ta mahaɗin USB 2.0 mai tafiyar kusan 30 MB a daƙiƙa, 500 GB yana cin awa huɗu da rabi ko fi, batirin tsohuwar kwamfuta kuwa ba ya riƙe wuta. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, taswirar ce ke sa ddrescue ya ci gaba daga inda ya tsaya. Duk aikin da ya biyo baya a kan wannan hoto aka yi shi. Idan za a rataye shi don dubawa, da zaɓin ro,noload ake yi, don kada tsarin ya rubuta ko da harafi.

Kilen ya zo da sauƙi. Tsarin ajiyarsa FAT32 ne, kuma a FAT32 sharewa tana canza baiti na farko na sunan fayil ne zuwa alamar E5, ta kwance sarƙar wuraren da yake, amma girmansa da mafarinsa suna nan. A TestDisk suka shiga Advanced, sannan Undelete, sunayen da aka share suka fito da ja. Suka zaɓa, suka kwafe zuwa faifan waje, ba kan kilen ba. Kundin ya buɗu lafiya, saboda a jere yake zaune a kilen kuma ba a rubuta komai a kai ba tun safe.

Tsarin ajiyar faifan ciki ext4 ne, kuma shi idan ya share fayil yana goge bayanin inda gutsattsarinsa suke. Sai aka koma ga PhotoRec, wanda Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk. Shi ba ruwansa da suna. Yana bin faifan yana neman alamar farkon kowane irin fayil. Abu biyu suka rage wahala: zaɓin Free, don ya duba filin da aka share kaɗai, da shiga File Opt a kashe komai a bar zip, pdf da jpg. Fayilolin odt, ods, docx da xlsx duk zip ne a cikinsu. Wanda bai tace ba zai tashi da dubban hotunan burauza da tarkacen tsari. Abin da ya fito ya zo a foldoji recup_dir.1, recup_dir.2, kowane fayil sunansa harafin f da lamba.

Don gano rajistar a cikin wannan tsibi, suka yi amfani da unzip -p suna fitar da content.xml na kowane ods, suna neman sunan wani ɗalibi da grep. A cikin meta.xml kuma akwai ranar ajiya ta ƙarshe. Kwafi huɗu suka fito. Mafi sabunta ya ƙi buɗuwa, domin a warwatse yake a faifan kuma PhotoRec ya haɗa shi da guntun wani abu. Wanda ya buɗu na mako uku baya ne. Sauran suka cike daga littafin rasit, hannu da hannu. Samfurin takardar shaida ya dawo, hotunan ɗalibai sun dawo ba suna. Kwana uku kwamfutar ofis ba ta yi aiki ba, kuma mai wasan ya rufe teburinsa na kasuwa ya zauna aikin tacewar har aka gama.

Raha a wannan duniya

Kuskure ne a ce maganin shi ne a hana wasa. Masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja mutane ne masu son raha, kuma tana cikin abin da ke sa baƙo ya saki jiki da taminal. Toyoda Masashi ya rubuta sl: wanda ya yi gaggawa ya juya harufan ls, sai jirgin ƙasa ya ratsa masa allo da hayaƙinsa, ya jira daƙiƙa kaɗan ya wuce. cowsay na Tony Monroe saniya ce ke faɗin abin da ka rubuta. Rubuta apt moo ka ga wata saniyar. A ranar 1 ga Afrilu 1990 David Waitzman ya fitar da RFC 1149, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, a kan aika saƙon intanet a ƙafar tattabara, a 2001 kuma masu Linux na garin Bergen a Norwe suka gwada ta da gaske: saƙo tara suka tura, amsa huɗu ta dawo. Lambar kuskure 418 ta shafukan intanet, wadda ke cewa «ni butar shayi ce», daga RFC 2324 na Larry Masinter ta fito a 1998. Da aka nemi cire ta daga wasu manhajoji a 2017 jama'a suka tashi kare ta, aka bar ta. Duk waɗannan, mutum da kansa yake zuwa wurinsu, kuma ba ya rasa komai.

Akwai kuma rahar da ta zarce ba da niyya ba. A cikin man, umarnin da ke nuna bayanin sauran umarni, an ɓoye wani abu da ke buga kalmomin wata waƙa idan aka kira shi da ƙarfe 00:30 na dare. Ya yi shekara shida ba wanda ya koka, sai a 2017 wani ya rasa dalilin da gwajin manhajarsa ke faɗuwa a daidai wannan lokaci kaɗai. Colin Watson, mai kula da man-db, kunshin da man yake ciki, ya cire shi. Ranar 25 ga Disamba 2018, Ant Design, kayan gina shafuka da ake amfani da su sosai a ƙasar Sin, ya ɗora ƙanƙara a kan maɓallan shafukan mutane, ba a sanar da kowa ba. Masu gina shafukan kamfanoni da hukumomi suka wayi gari suna amsa tambaya a kan abin da ba su saka ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wasan taubasai da na ƙabilu, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, har UNESCO ta saka shi cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Amma abokin wasa ya san shi abokin wasa ne tun kafin a buɗe baki, yana da damar ramawa, kuma ba a taɓa masa rumbu. A zauren nan babu ko ɗaya daga ciki. Wanda ya sani ya yi wasa da jahilcin wadda ta zo neman sani, ta kira shi Yaya kuma ta yarda da shi. A ganinmu alhakin bai tsaya kansa ba. Waɗanda suka saka alamar dariya suka wuce sun san abin da layin zai yi, kuma «kada ki gwada» kalma uku ce. Kalmar sirrin da aka liƙa a allo ita ma ta ba da tata gudummawar.

Abin da cibiyar ta canza

Kowane ɗalibi yanzu yana da asusunsa da ba ya cikin rukunin sudo. Da wannan asusu ta rubuta umarnin, da sudo ya ƙi. A lura: ba tare da sudo ba ma, rm zai share nata fayilolin da na kilenta, don haka wannan rabin kariya ce. Wani ya kawo shawarar a yi wa rm laƙabi da zai riƙa tambaya kafin sharewa. Ba zai yi amfani a nan ba: laƙabin bash ba ya bin umarnin da ya zo bayan sudo, kuma -f da ya zo daga baya yana soke -i. Abin da ke aiki shi ne ɗabi'a: duk umarnin da aka samo daga wani, a fara saka echo a gabansa. Da ta rubuta echo rm -fr /* da ta ga /home da /media a jere a allo, ba abin da ya taɓu. Sai a buɗe man rm a karanta ma'anar kowane harafi.

Ana kwafe rajistar da rsync duk Juma'a zuwa faifan waje, a zare shi a kulle a durowa, domin wanda aka bari a jone yana ƙarƙashin /media kamar kilen nan. A zauren kuma an yarda cewa umarni mai sharewa ba ya shiga da sunan wasa, wanda ya gani kuma ya yi magana nan take. Jirgin sl da saniyar cowsay an saka su a kan dukan kwamfutocin. Umarnin da ya yi ɓarnar ana nuna shi ga sababbin ɗalibai a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, bayan an ɗauki hoton yanayin injin kuma an cire duk foldar da yake rabawa da ainihin kwamfutar, don ita ma zai share ta.

Buƙatar ɗalibar ta asali minti goma ta ci. Malamin ya rubuta sudo apt install language-pack-en language-pack-gnome-en, ita kuma ta shiga saiti, sashen ƙasa da harshe, ta zaɓi Ingilishi, ta fita daga asusunta ta sake shiga. Tsarin ya tambaye ta ko a canza sunayen foldojinta, ta ce a bar su yadda suke don kada hanyoyin fayilolinta su rikice. Ba a cire Faransanci ba, domin harshe na kowane asusu daban ne kuma sauran ɗalibai da shi suke aiki. Harufan fr suna nan a saman allonta, tunda kibod ɗin AZERTY ne.